Layin Wuya

Ni ce na yanke wa mutanen Baba wuya. Shekarata tara lokacin, da jan biro da rula na yi aikin, kuma da na gama har albarka aka sa mini.

Babana mai rubutun allon shaguna ne. Daga Damagaram ya taho Jidda yana saurayi, ya sauke farali, ya zauna. Duk wanda ya bi ta unguwar Sa'alaba a shekarun nan ya karanta hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba: ɗinkin maza, gyaran firji, shayi da burodi. Wuni yake yi a kan tsani da gwangwanin fenti. In ya dawo ya yi la'asar, sai ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ni kuma in matso.

Mujallu ne a ciki, ƙanana, waɗanda ake bugowa daga Bairut. Kowacce da gajerun labarai huɗu ko biyar na zane, baƙi da fari: kumbo, taurari, mutanen ƙarfe, duniyoyin da rana biyu ke fitowa a cikinsu. Turawa suka rubuta suka zana, aka juya su zuwa Larabci, aka goge sunayensu kaf. Wannan gogewar ta tsaya wa Baba a rai.

"Mutum ya ƙarar da idonsa a kan shafi," in ji shi, "a ce ko sunansa ba za a bari ba?"

Sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Ƙusa, wanda in ya zana kumbo za ki iya ƙirga ƙusoshin jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai Mai Inuwa, rabin fuskar mutanensa kullum a duhu. Akwai Rago, wanda bai iya ƙafa ba, sai ya ɓoye ta bayan dutse ko hayaƙi. Har marubutan yana gane su. Ya karanta layi biyu sai ya ce, "Kar ki saba da matuƙin nan, ɗiyata. Rubutun Mai Baƙar Zuciya ne, ba zai kai shafin ƙarshe ba." Kuma ba ya kaiwa.

A can ƙasan akwatin, cikin leda, akwai guda ɗaya da ba a taɓa ta sai an wanke hannu. Kafin a haife ni mujallar ta ce masu karatu su aiko da nasu. Baba ya zana shafi shida a kan ragowar kwalin talla, ya kai gidan waya. Bayan watanni sai ga su an buga, tsakanin labarin Mai Ƙusa da na Rago. Shi ma ba su sa sunansa ba. Abin da suka rubuta kawai: daga wani mai karatu a Jidda. Zanen na asali bai dawo ba, kuma bai ƙara aika wani ba.

Labarin wani falke ne da ya yi nisa cikin taurari har alƙibla ta ɓace masa. Lokacin salla ya yi, ya tambayi mutum-mutumin da ke tuƙa kumbon, shi kuma ya ce duniya tana ƙarƙashin ƙafarsa, kafin ya ɗaga hannu ta koma bayansa. Fasinjoji suka rabu gida uku suna gardama. A kowane gida na zanen akwai buta a wani lungu, mai lotsattsen baki. Ita ce sa hannun Baba.

A aji uku muka samu sabuwar abla, malamar zane. Ta ce duk mai rai da kika zana, ki ja layi a wuyansa, kin raba kai da gangar jiki, ya tashi daga mai rai. In ba haka ba, ranar ƙiyama za a ce ki hura masa rai, kuma ba za ki iya ba. Duk 'yan ajin muka bi littattafanmu muna ja, har kaji da raƙuma. Ni kuwa ba kaza ce a raina ba. Mutanen Baba nake ƙirgawa. Na ga an tsayar da shi gaban jama'a da fentin nan a farcensa an ce hura, yana hurawa, ba abin da ke motsi.

Ranar Alhamis yana wurin aiki na buɗe akwatin. Ban taɓa na Turawan ba, na ce su ji da nasu. Nasa kawai na ciro. Na wanke hannu tukuna, wannan abin har yau yana ba ni haushi. Na danna biron har takardar ta tsage a wuri biyu. Mutum-mutumin ma ban bar shi ba, don ban tabbata ba.

Umma ta shigo ta gani, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin fi ubanki tsoron Allah."

Da ya dawo ni na kai masa da kaina, ina jiran yabo. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya juya shafi, ya juya wani, har shida.

"Da rula ma kika ja," ya ce. "Layin ya miƙe."

Ya mayar cikin leda, ya rufe akwatin. Bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba. A makon nan akwatin ya koma ɗakin tarkace a saman bene, kuma bayan la'asar sai ya kunna rediyo.

Shekara goma sha biyar aka yi ba wanda ya tayar da maganar. Na gama sakandare, na shiga yin lalle a wani shagon gyaran mata a unguwar Safa. Ciwon suga ya sauko da Baba daga tsani, ya cinye masa idon hagu, ya koma kan na dama. Ranar da na raka shi asibiti likita bai kalle shi ba, ni ya kalla. Ya ce jijiyar ta riga ta lalace, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ba zai daɗe ba. Na ce wata nawa? Ya ce Allah ne masani. Na ce na san Allah ne masani, kai me ka gani? Baba ya taka mini ƙafa.

A tasi muna dawowa ya juya fuska wajen taga, ya ce kamar da kansa yake magana, "Da dai na ƙara ganin butar nan."

Umma da na faɗa mata ta ce wace buta, ga butoci uku a banɗaki. Ni na san wacce. Na hau sama na ɓalle akwatin. Gumin Jidda ya riga ni. Mujallun sun manne sun zama bulo ɗaya, baƙi, mai wari, kyankyasai na fita ta gefe. Ledar ma ruwa ta tara. Na sa wuƙa in raba shafi, ya taho a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi.

Tun ranar na fara gwada shi. Kowace safiya in tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa in ɗaga yatsu. Tayil bakwai ne daga ƙofar zuwa inda yake zama. Ranar farko ya ce uku, kuma uku ne.

Na fara da manyan shagunan littattafai na Safa, masu sanyi da ƙamshi. Wani ma'aikaci ya danna kwamfuta ya ce an daina buga mujallar tun kafin a haife shi. Na je kasuwar gwanjo, na tona tarin littattafan makaranta da na girki, ban samu ko ɗaya ba. Wata amarya da nake yi wa lalle ce ta ce kakanta yana sayen tsofaffin littattafai wajen wani tsoho ɗan Hadramaut a Balad, tsohon garin Jidda.

Shagon a ƙasan wani gidan dutsen teku yake, katakon tagoginsa duk sun karkace. Tsohon yana zaune da zani da singileti, fanka na kaɗa masa gemu.

"Lamba ta nawa?" ya ce.

"Ban sani ba, Ammi."

"Wace shekara?"

"Kafin a haife ni."

"Sunan mai zanen?"

"Ba su sa ba."

Ya yi dariya har da tari. "To me kika sani, ya binti?"

"Akwai buta."

Ya daina dariyar, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce a sama akwai su, amma ba ɗai-ɗai ba. Masu ɗinkin littafi sun haɗa goma-goma sun yi musu bango mai tauri, mujalladi ake ce wa kowane ɗauri, kuma wajen ɗinkin sun cire bangon asali sun zubar. Ba lamba, ba shekara. Sai dai a buɗe shafi-shafi. Ya ƙara da cewa mace ba za ta hau masa sama ita kaɗai ba, in zo da babba.

Haka na jawo Umma. Tun a tasi take mita. Ɗakin ba fanka, kwalaye har rufi, ƙura kamar an yi shekara ashirin ba a shiga ba. Ta zauna a kan kwali ta tuɓe takalmi ta ciro carbi.

"Wai duk wannan wahalar a kan zanen aljanu?"

"Ba aljanu ba ne, Umma."

"Mai kai kamar tukunya, ido uku, ba aljani ba ne? Ɗan uwanki ne?"

Ban kula ta ba. In ɗauko mujalladi, in lashi yatsa, in bi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne duk na gane su. Ga Mai Ƙusa da ƙusoshinsa. Ga Rago ya ɓoye ƙafa bayan hayaƙi. Ga wani matuƙi yana murmushi a shafin farko, na san ba zai kai ƙarshe ba. Shekara goma sha biyar ban gan su ba, suna nan yadda na bar su, wanda nake nema ne kawai babu.

Da an kira salla tsohon zai buga sandarsa a matakala. "Yalla, salla!" Mu sauko, ya ja ƙofar ƙarfe, mu tsaya a inuwar bango cikin abaya, gumi na bin bayanmu, har ya dawo. Ina kallon ƙofar nan a rufe ina jin kamar in sa haƙori in ɓalle kwaɗon. Wata rana na ce masa ya kulle mu a ciki mana, ba abin da za mu sata. Ya ce in ji tsoron Allah, so nake a rufe masa shago?

Kwana na huɗu Baba ya ce biyu, alhali huɗu na ɗaga. Na matso tayil biyu, sannan ya faɗa daidai. Kwana na bakwai sai da na ƙara matsowa ɗaya.

"Me kike ta auna ni kamar tela?" ya ce. "Ina kuke zuwa ke da uwarki kullum?"

"Biki," na ce.

"Bikin da ake dawowa da warin ɓera."

Mai shagon lalle ta kira ni ta ce in ba zan zo ba in faɗa mata ta nemi wata. Na ce halas, ki nema. Na kashe wayar.

Ranar ta tara na zauna a ƙasa na fara kuka, irin na haushi, ina buɗe shafi ba na ma ganin abin da ke ciki. Kwalayen da suka rage sun fi waɗanda na gama. Umma ta dube ni ta ce in daina jiƙa wa mutum kaya. Ta ajiye carbin, ta jawo mujalladi ɗaya daga kwalin da take zaune a kai, ta buɗe shi a juye, don ita ba ta karatun boko ko na Larabcin mujalla. Ta yi ta juyawa tana tsaki. Can sai ta tsaya a wani shafi.

"Ke. Wannan ai butata ce."

"Umma, don Allah."

"Butata ce ta aure! Ga bakin nan da ya lotsa da ƙofar mota. Ya ce mini faɗuwa ta yi. Ashe har a littafi ya sa ta?"

Na fizge shi daga hannunta. Ga falken, ga mutum-mutumin, ga fasinjoji suna nuna gabas uku. Daga wani mai karatu a Jidda. Na buɗe baki in yi ihu, sai idona ya sauka a wuyan falken.

Layi. Da baƙin biro, siriri, a karkace, ba rula. Na juya shafi, layi. Duk shida. A saman shafin farko wata ta rubuta sunanta da ajinta da ɗan fure a gefe. Aji uku. Ta bar mutum-mutumin, ita ta fi ni tabbaci.

Na sauko da gudu na dangwara wa tsohon a kan tebur. Na ce akwai wani? Ya ce ya binti, wannan ma ikon Allah ne. Ya ce duk littafin da ya bi ta gidan da ke da 'yan makaranta haka yake fitowa, rabin kayan sama haka suke, ban lura ba? Ban lura ba. Buta nake nema.

A tasi Umma ta riƙe mujalladin a cinya. Mun kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na sa miki albarka ranar." Na ce na sani.

Ba zan kai masa yankakkun mutane sau biyu ba, wannan na yanke tun a hanya. Ni mai lalle ce, ina zana ganyen da bai kai ƙwayar shinkafa ba a yatsar amarya tana motsi. Washegari da hantsi yana barci na ɗauko kwalbar farin fentin ruwa da yake rubutun kwali da shi, ya bushe ya tsage, na jiƙa shi. Na ɗauko ƙaramin burushinsa. Na bi wuyan nan ɗaya bayan ɗaya na rufe layin. Kafin azahar na gama. Ban tsaya na duba daga nesa ba, sauri nake yi. Da safen nan a tayil uku ya gane yatsuna.

Na riƙe hannunsa muka hau sama, inda rana ta fi ƙarfi. Umma ta biyo mu da tabarma da shayi. Na zaunar da shi, na ɗora masa mujalladin a gwiwa a buɗe, na sa masa gilashin ƙara girma a hannu.

Ya shinshina tukuna. Ya shafa gefen takardar.

"Ina kika samo?"

"Duba kawai, Baba."

Ya sunkuya har hancinsa na taɓa gilashin. Ya kai shi sama, ya kai shi ƙasa, ya karkata kai yana neman ɗan gefen idon da ya rage.

"Ga butar a lungun dama," na ce. "Ƙasa. Ƙasa kaɗan. Ka gan ta?"

Ya kai gilashin ƙasa. Ya daɗe.

"Ɗiyata," ya ce, "me ya sa duk suka ɗaura bandeji a wuya?"

Sai a lokacin na duba da idon mutum. Takardar ta tsufa ta zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Fentina kuwa fari fat, yana ƙyalli a rana. Siririn baƙin layin yarinyar nan, da na bar shi, ba zai taɓa ganinsa ba. Fuskokin ma ba ya gani, butar ba ya gani. A duk shafin abu ɗaya ne ya isa idonsa, shi ne abin da na shafa.

Na durƙusa a kan siminti mai zafi na faɗa masa duka. Tsohon, kwalayen, yarinyar aji uku, fentin. Na ce na sake ɓatawa. Na ce tun ina shekara tara nake son in ce ya yafe mini, bakina ya ƙi. Umma ta juya baya tana goge kofin da ba shi da datti.

Ya kai yatsa ya taɓa ɗaya daga cikin fararen, ya kai hanci.

"Fentina ne. Na kwalba mai murfin shuɗi."

"Shi ne."

"Kin yi masa kauri. Kuma ba a sa fari tsantsa a tsohuwar takarda, wa ya koya miki?"

"Ba wanda ya koya mini."

Ya ce da Faransancin mutanen Damagaram, "Bon. Ɗauko kwalbar. Hajiya, shayin nan da suga?"

"Wane suga, kai da likita ya hana?"

"To zuba mata kaɗan a murfi."

Na ɗauko. Ya ce in ɗiga shayi a cikin farin, ɗigo ɗaya, in juya, in shafa a wuyan falken, in jira ya sha iska. Na yi. Ya sunkuya da gilashin.

"Ina ganinsa. Ƙara."

Na ƙara. Ya kama hannuna ya gyara mini riƙon burushin, ya ce ba lalle nake yi ba, in sassauta, in bar gashin ya kwanta da kansa. Umma ta matso tana leƙe, ta ce ita dai a bar mata butarta yadda take.

"Har yanzu ina gani. Ƙara."

A ɗigo na huɗu na shafa, na hura, na janye hannu. Ya kai gilashin wurin. Ya matsar da shi hagu, ya dawo da shi dama. Ya ɗaga shafin sama saitin rana, ya sauke.

"Yanzu ba na ganin komai," ya ce. "Ya yi. Haka za ki yi wa sauran."

Muka zauna har inuwar tankin ruwa ta iso tabarmar. In gyara wuya ɗaya, in miƙa masa, ya duba, in ya ce ba ya gani in wuce na gaba. Tsakani yana ba ni labarin abin da ke cikin kowane gida na zanen, da ka, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce hannun falken a shafi na huɗu bai yi kyau ba, daga Mai Inuwa ya kwaikwaya bai iya ba. Na duba, gaskiyarsa ne.

Butar kam bai gan ta ba. Na ɗora masa yatsa a kanta, ya ce to. Kafin watan ya ƙare na tsaya a gabansa, gwiwata na taɓa tasa, na ɗaga yatsu biyar, ya ce in daina, ya gaji.

Shafi huɗu muka gama tare ranar. Biyun ƙarshe suna nan da fararen bandejinsu. Na sha haɗa fentin da shayi in zauna, sai in rasa wanda zai ce mini ya yi, in wanke burushin in mayar.